Karen da ya san ɗana ne ya cije shi

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa buɗe magana ba, yau dai dole ta sa. Shekaranjiya Asabar da la'asar karen maƙwabtanmu ya ciji ɗana Walid, shekararsa biyar. A kunci ya kama shi, ƙasa da ido kaɗan, ga kuma yakushi a hannu. Abin da ya hana ni barci shi ne karen nan ba baƙo ba ne. Tun yana ɗan kwikwiyo suke wasa, Walid na kiran sunansa zai taho da gudu. Ina tsaye muna gaisawa da matar gidan, tsakanina da su bai fi taku goma ba. Karen yana kwance a inuwa, yaron ya je ya rungumi wuyansa yadda ya saba. Ban ji haushi ba, ban ji gurnani ba, sai ihun yaro.

Mun je asibiti a daren, an yi masa allurar farko ta riga-kafin haukan kare, an ce mu koma gobe Talata. Masu karen sun ce an taɓa yi masa riga-kafi, amma sun nemi katin sun rasa. Don Allah masu sani, me ke sa kare ya juya wa yaron da ya sani haka? Kuma ina da wasu biyu ƙanana, ta yaya zan tsare su?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa iyakar wahalar ke nan. Ki daina tuhumar kanki 'yata, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ki gode wa Allah da bai sami idon ba.

Sista Nas:
Maman Walid sannu, ya mai jiki? Kafin a shiga batun dalili bari in tambaye ki, don akwai abin da lokaci ke ƙure masa. Minti nawa kuka yi kuna wanke ciwon, kuma da sabulu? Ban da allurar hannu, an yi masa wata a bakin ciwon kansa? An ɗinke?

Maman Walid:
Da sauƙi Sista. Na wanke da sabulu amma gaskiya bai fi minti biyu ba, jinin ne ya ruɗa ni, shi kuma yana ta fizge-fizge. A asibiti sun sake wankewa sosai. Allura biyu aka yi, ta haukan kare da ta tetanus. Ba a yi komai a bakin ciwon ba. Ba su ɗinke ba, sun rufe sama-sama sun ba mu maganin sha.

Sista Nas:
Alhamdu lillahi da kuka je a daren, wannan ne babba. Rashin ɗinkin ma ba sakaci ba ne. Ana jinkirta ɗinke cizon kare ne don kada a kulle ƙwayoyin cuta a ciki. In ya zama dole saboda fuska ce, likita kan yi 'yan kaɗan sakwa-sakwa bayan an gama da ciwon.

Amma gobe in kun koma ki tambayi likita maganar imunogulobulin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abin kashi uku. Taɓawa ko lasa a fata mai lafiya, wanki ya isa. Yakushi ko ɗan cizon da bai fitar da jini ba, sai an yi riga-kafi. Na uku shi ne haƙori ya huda fata, ko yawu ya shiga ido, baki ko wani buɗaɗɗen ciwo. Na Walid na uku ne, kuma a fuska. Allurar da aka fara masa koya wa jiki take yi ya haɗa garkuwarsa, kuma sai an yi kusan mako guda kafin hakan ya kankama. Ita imunogulobulin garkuwa ce da aka riga aka haɗa, ana zuba ta cikin ciwon da gefensa ta tare ƙwayar tun a nan. Ƙwayar haukan kare jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi gaggawa, tafiyar gajeruwa ce.

Ana iya yin ta har zuwa kwana 7 daga allurar farko, in ya wuce ba a yi. Ku yau kwananku 2. In babu a inda kuka je, su tura ku inda akwai. Maganar "an yi wa karen riga-kafi" kuwa, in babu kati, mu a wurinmu kamar ba a yi ba ne.

Ga sauran masu karatu: wankin nan minti 15 ne cur, da sabulu da ruwa mai gudu. Ku duba agogo, don in ana cikin ruɗani minti biyu ma ji ake kamar goma. In akwai aidin a shafa bayan wankin. Kada a sa toka, ƙasa ko ganye.

Maman Walid:
Na gode Sista, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa jin sunan allurar nan ba. Na rubuta a takarda zan nuna wa likita.

Abu Hanif:
Allah ya ba yaro lafiya. Ni maganata ɗaya ce, na kuma san wasu ba za ta yi musu daɗi ba. Duk karen da ya ɗanɗana jinin yaro a ranar ya kamata a gama da shi. Me ake jira, ya ciji na biyu? Kuma inda ƙananan yara ke kai da kawo ban ga dalilin ajiye kare ba. Dabba dabba ce. Ka ciyar da ita shekara goma, rana ɗaya ta nuna maka ba ta san ka ba.

Dokta Mai Dabbobi:
Malam Abu Hanif, ni ma uba ne, na san zafin da ya sa ka faɗi haka. Amma kashe karen nan yau Walid zai cutar. Karen nan a raye shi ne shaidar da muke da ita. Idan kare yana zubar da ƙwayar hauka a yawunsa ranar da ya yi cizo, cikin kwana 10 ciwon zai fito masa fili, yawanci ma ya mutu. Saboda haka a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a ba shi ci da sha, a sa masa ido. In ya cika kwana 10 garau, hankalin kowa ya kwanta, likita ne kuma zai ce a ci gaba da allura ko a tsaya. In aka kashe aka binne, an binne amsar, sai dai in za a kai kan ɗakin gwaji a duba ƙwaƙwalwar. Amma a kula, ba a zama jiran kwana goman kafin a fara allura. Tare suke tafiya.

Batun ɗanɗana jini ba haka yake ba. Abin da ke sa kare ya maimaita cizo shi ne ya gane cizon ya yi masa aiki: an takura shi, ya ciza, an ja da baya. Gobe in an sake takura shi ba zai tsaya dogon gargaɗi ba.

Maman Walid, ga amsar tambayarki. Runguma a wurinmu ƙauna ce. A wurin kare, a zagaye masa wuya da hannu a kawo fuska dab da tasa, kamu ne. Karnuka da yawa haƙuri kawai suke yi da ita, ba so suke ba. Ki haɗa da cewa yana kwance, wataƙila barci ya fara ɗaukarsa, ko akwai inda ke masa ciwo, kunne ko haƙori ko gaɓa. Sai ranar da haƙurin ya ƙare. Kuma da wuya a ce bai yi gargaɗi ba, sai dai gargaɗin kare mara sauti ne a farko. Zai kau da kai. Zai yi hamma alhali ba barci yake ji ba. Zai riƙa lasar hancinsa. Kunnuwa su kwanta baya, farin idonsa ya fito yana kallon yaron ta gefe. In duk wannan bai sa an bar shi ba sai jikinsa ya sandare, ya rufe baki, ya yi tsit. Wannan tsit ɗin ya fi haushi haɗari. Daga shi sai gurnani ko cizo, wani lokacin cikin ƙiftawar ido. Masu magana sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Karen kan nuna abin da zai yi, mu ne ba a koya mana karantawa ba.

Maman Walid:
Innalillahi. Dokta, kau da kan nan da hammar na sha gani. Duk sanda Walid ya kwanta masa a jiki sai ya juya fuska can yana hamma, mu kuma muna cewa kai wannan kare akwai sanyin hali. Har hoto na taɓa ɗaukar su a haka.

Dokta Mai Dabbobi:
Ba ke kaɗai ba ce, 'yar uwa. Hotunan yara da karnuka da ake yaɗawa a intanet ana yabawa, da yawansu in na kalla gabana faɗuwa yake, don karen a ciki roƙo yake a ɗauke masa yaron. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In wutsiyar ta miƙe sama ta ƙage tana rawa kaɗan-kaɗan da sauri, jiki a sandare, ba wasa yake nema ba.

Baban Zara:
Ni ina da karnuka biyu, shekara takwas ke nan, ga yara huɗu a gidan. Zan faɗi kuskuren da na yi don wani ya amfana. Babban karen yana da shekara biyu ya yi wa 'yata gurnani da ta je kusa da kwanonsa. Na zane shi sosai, na ce ba za a yi wa 'yata gurnani a gidana ba. Ya kuwa daina. Na ɗauka na gyara shi. Bayan wata uku ya kai wa ɗan ƙanena cafka a hannu babu ko sauti. Da na kai shi wurin likitan dabbobi ya ce mini, ai kai ka cire masa ƙararrawa. Ka hana shi faɗa maka ya gaji, ba ka cire masa gajiyar ba.

Tun daga nan dokar gidana ta canza. Kare yana cin abinci a wurinsa a kulle, ba yaron da ke zuwa. Yana da inda yake kwanciya, in ya shiga nan ko ni ba na taɓa shi sai na kira shi ya fito da kansa. In baƙi masu yara suka zo, karnuka suna ciki har su tafi, ko da yaran sun yi kuka suna son gani. In na ji gurnani, yaron nake janyewa, daga baya in bincika me ya jawo.

Kuma Malam Abu Hanif, a abu ɗaya ina tare da kai. Nauyin yana kan mai kare. Masu karen da ya ciji Walid su ya kamata su ce wa yaron kada ya je, tunda su suka san dabbarsu. Ɓatan katin riga-kafi ma ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ba zai iya riƙe kati ɗaya ba, ya sake tunani kan riƙe kare.

Abu Hanif:
To ka gani, kai da bakinka ka ce naka ma ya ciji yaro. Shekara takwas kana dokoki da kulle-kulle a gidanka saboda dabba. Ni abin da nake cewa, me ya sa za a sa yara cikin wannan cacar tun farko? Aƙalla irin manyan karnukan nan masu faɗin kai a hana kiwonsu baki ɗaya. Ai Ingila ta yi.

Baban Zara:
Ta yi, gaskiya ne. Tun 1991 suke da dokar karnuka masu haɗari, kuma daga farkon 2024 laifi ne riƙe irin da ake kira XL Bully a Ingila da Wales sai da takardar izini, a waje kuma sai da takunkumi da igiya. Amma Holan ta hana irin karen da ake kira pit bull a 1993, ta zo ta janye dokar a 2008 saboda ba ta ga cizo ya ragu ba. Italiya ma ta soke jerin irin karnukan da ta ware a 2009, ta mayar da nauyin kan mai kare. Ban ce girman kare ba ya da tasiri ba. Cizon babban kare mai ƙarfin muƙamuƙi ba ɗaya yake da na ƙarami ba, wannan ko makaho ya sani. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ce nawa ba ya cikin jerin, saboda haka ba komai.

Abu Hanif:
Na ji. Amma in za a zaɓa tsakanin fuskar yaro da sha'awar wani ta kiwon kare, ni na san inda nake.

Dokta Mai Dabbobi:
Ba wanda zai yi maka musu a wannan, Malam. Sai dai ko kai ba ka ajiye ba, ɗanka zai je gidan aboki, zai bi hanya, zai haɗu da kare. A Amurka, inda ake ƙididdigar abin, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta kiyasta cizon kare kusan miliyan 4.5 a shekara, kusan 800,000 daga ciki sai an ga likita. Yara 'yan shekara 5 zuwa 9 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma ƙananan yara yawanci a kai, fuska da wuya ake cizonsu, don tsayinsu ɗaya da bakin karen. Mafi yawa kuma karen gida ne ko na wanda aka sani, kamar dai na Walid. Mun fi koya wa yara tsoron karen titi, alhali wanda suke runguma ne ya fi samunsu.

Wani abu kuma da masu kare ke yi da sunan tsaro: ɗaure kare da sarƙa dare da rana. Karen da ya tashi a ɗaure, ba ya ganin mutane, ba ya iya gudu in ya tsorata, abin da ya rage masa haƙori ne. Yaro ya shiga da'irar sarƙar nan ɗauko ƙwallo, shi ke nan. Makonnin farko na kwikwiyo, daga wajen mako 3 zuwa 12, a nan yake koyon waye mutum, waye yaro, mene ne abin tsoro. Wanda aka kulle a lokacin, gyaransa sai an sha wuya.

Yayan Marigayi:
Assalamu alaikum. Na yi ta rubutawa ina gogewa. Maman Walid, ki bi maganar Sista kada ki bar allura ko ɗaya. Mu mun rasa ƙanena yana da shekara tara. Ɗan kwikwiyo ne suka tsinta shi da abokansa, ya ɗan kama shi a yatsa, ciwon bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bai faɗa wa kowa ba saboda an sha hana shi wasa da karnuka, yana tsoron duka. Bayan wata biyu ya fara zazzaɓi, yana cewa hannun yana masa ƙaiƙayi da zugi. Muka ɗauka zazzaɓi ne na yau da kullum. A kwana na uku aka miƙa masa ruwa, yana so ya sha, amma da kofin ya zo kusa sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture. Ko iska ta taɓa fuskarsa sai ya firgita. Sai a asibiti abokinsa ya ba da labarin kwikwiyon. Likita ya kira babanmu gefe. Bai kai mako ba ya rasu, kuma yana gane mu kusan har ƙarshe.

Abin da ke cina har yau, da ya faɗa a ranar, da sabulu da allura sun isa. Tsoronmu ne ya sa ya ɓoye. 'Ya'yana yanzu na gaya musu, duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ko da shi ya tsokane ta, ya zo ya faɗa mini, na yi alkawari ba faɗa ba duka. Ina maimaita musu lokaci-lokaci don kada su manta.

Hajiya Kaka:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri. Ɗana, ka sa ni hawaye. Na ce tsautsayi ɗazu, to wannan kam akwai abin da mutum zai iya yi. Yau zan tara jikokina in gaya musu.

Sista Nas:
Allah ya gafarta masa, Yaya. Na gode da ka daure ka rubuta. Haka ciwon haukan kare yake, yakan kwanta wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana, wani lokacin mako guda, wani har shekara, ciwon fatar ya warke kowa ya manta. Da zarar alamu sun fito kusan ba a tsira. Kafin su fito kuwa riga-kafin yana aiki ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin, maganin ba sabo ba ne. Tun Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya kuma rayu har ya manyanta.

Kuma a lura, ba kowane kare mai ciwon ne ke hauka yana dalala ba. Wani lafewa yake, ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada wanda ya sa hannu a bakin irin wannan da sunan taimako. Kwikwiyo ma yana ɗauke da shi, ƙanƙantarsa ba ta wanke shi ba.

Malama Ta Firamare:
Allah ya jiƙan yaro. Ni ajin 'yan shekara shida nake koyarwa, bari in faɗi abin da nake yi da su game da karen da ba su sani ba. In ka ce wa yaro "kada ka gudu" ba ka ba shi komai ba, ƙafarsa za ta yanke hukunci kafin kansa. Sai ka ba shi abin da zai yi. Ni nakan ce su zama bishiya: a tsaya cak, a haɗe ƙafa, a naɗe hannu a ƙirji, a kalli ƙasa, a yi shiru ana ƙirga numfashi. Kare abin da ke motsi da ihu yake bi. Abin da ya tsaya, yawanci zai shinshina ya wuce. In ya tafi, a ja da baya a hankali, ba a juya a ruga ba. In kuma ya kayar da yaro, ya dunƙule kamar dutse, gwiwa a ciki, fuska a ƙasa, hannaye a rufe wuya da kunnuwa.

Muna yin sa kamar wasa. Ɗaya ya zama kare yana zagayawa, in na tafa kowa ya zama bishiya. Sai an yi ta maimaitawa jiki ya haddace, don ranar da abin ya zo babu lokacin tunani. Sannan abu huɗu da suke rerawa: ba a taɓa kare in yana ci, in yana barci, in tana da 'ya'ya, in ba shi da lafiya.

Ɗan Autan Gida:
Malama, mu da muna yara sunkuyawa muke kamar za mu ɗauki dutse, sai karen ya gudu. Wannan fa?

Dokta Mai Dabbobi:
Yana korar karen da ya saba shan jifa, in babba ne ya yi. Amma kada a koya wa yaro. In ya sunkuya ya kawo fuskarsa da wuyansa daidai bakin karen. Jifan kansa kuma shi ke mayar da karnuka da yawa maƙiyan yara, wanda aka jefa yau shi zai huce gobe a kan wani yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malama, abin da kike yi yana da kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ƙari ɗaya zan yi wa iyaye. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida ko bakwai zai haddace dokar nan tsaf, ya kuma karya ta bayan minti biyar in ya ga kare mai kyau. Ba taurin kai ba ne, shekarunsa ne. Saboda haka koyarwar ba ta ɗauke wa babba tsaro. Kuma tsaro ba shi ne kana wurin kana hira ko kana duba waya ba. In yaro ƙarami da kare suna wuri ɗaya, ko dai hannunka yana iya kai wa gare su, idonka a kansu, ko kuwa akwai ƙofa a rufe tsakaninsu. Jariri kuwa ko na minti ɗaya ba a barinsa da kare, komai ƙanƙantar karen, komai daɗewarsa a gidan.

Maman Walid:
Wannan ta same ni, Dokta. Ina wurin, amma ba na wurin.

Dokta Mai Dabbobi:
Ban faɗa don in ƙara miki ciwo ba, 'yar uwa. Ba ki san runguma matsala ce ba, masu karen ma da alama ba su sani ba. Da kin sani da tun daga nesa kin kira shi.

Ummu Sadik:
Tambaya don Allah. In Allah ya kiyaye kare ya riga ya kama yaro bai saki ba, me uwa za ta yi? Ni na san kaina, janyo yaron zan yi da ƙarfi.

Baban Zara:
Janyowar ce ke yaga nama, Ummu Sadik, don shi ma ja zai yi ta can. In da hali a rufe masa kai da mayafi ko bargo, ko a watsa masa ruwa mai yawa a fuska, ko a cusa wani abu tsakani, kujera, jaka, faifan katako, duk abin da hannu ya samu. Kada a sa hannu a bakinsa. Da ya saki a shiga tsakaninsu da abin a hannu, a ja da baya ana fuskantarsa. In tun bai kama ba ne yana tahowa, a jefa masa jaka ko riga ya kama ita. A kuma kira mutane, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Abu Hanif:
Duk na karanta. Labarin Yayan Marigayi ya taɓa ni, Allah ya jiƙan yaro. Na janye maganar kashe karen kafin kwana goma, ban san da wannan ba. Amma karnukan da ba su da mai su, masu yawo garke-garke, su fa? Su ma bishiya za mu ce wa yara su zama mu zuba ido?

Dokta Mai Dabbobi:
A'a Malam, wannan aikin hukuma ne kuma a matsa mata. Karen da ya tabbata yana farautar mutane a ɗauke shi, ba musu. Sai dai kashe-kashen gayya an gwada bai kawar da haukan kare ba. Da ciwon ya shiga tsibirin Bali na Indonesiya a 2008 an kashe karnuka masu ɗimbin yawa, ya ci gaba da yaɗuwa, sai da aka koma yi musu allura gida-gida ya fara sauka. In ka kwashe karnukan wuri ka bar juji da abincin da ya tara su, wasu ne za su cike gurbin, marasa riga-kafi. Lissafin da aka tabbatar shi ne in an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura ana maimaitawa, ciwon yana yankewa. Da haka Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata a 2019 cewa ta kawar da haukan kare da mutane ke ɗauka daga karnuka. Allura, dandaƙa don rage haihuwa, kwashe shara, da hukunta wanda ya saki karensa yana yawo.

Abu Hanif:
Hukuncin nan na ƙarshe shi na fi so in gani. Ni dai har yanzu ba zan ajiye ba, kuma 'ya'yana ba za su shiga gidan da kare yake a sake ba.

Baban Zara:
Wannan haƙƙinka ne, kuma duk mai karen da ya ji haushi don ka ce ya kulle kafin yaranka su shigo, kada ka kai su.

Maman Walid:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Yau Talata an yi masa allura ta biyu. Na nuna wa likita takardar, ya ce gaskiya ne ya kamata a yi, ba su da ita ne a ranar. Ya rubuta mana zuwa babban asibiti, an yi masa a gefen ciwon da na hannun. Ya sha kuka amma an gama. Sista, ban san da bakin da zan gode miki ba. Karen yana killace, yana ci yana sha, maigidan ya ce likitan dabbobi zai zo ya duba shi, don sun lura kwanan nan yana yawan sosa kunne ɗaya.

Abin da ya rage shi ne yaron kansa. Jiya sau biyu yana farkawa da kuka. Da muka fito asibiti ya hango wani kare can nesa ya ƙanƙame ni jikinsa yana rawa. Amma da dare kuma sai ya tambaye ni wai karen fushi yake da shi, me ya yi masa? Ban san me zan ce ba.

Malama Ta Firamare:
Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan tsoron daidai ne, kada a yi masa dariya kuma kada a tilasta shi ya matsa kusa da kare don wai ya saba. Ki gaya masa gaskiya daidai kansa: ba laifinsa ba ne, karnuka ba sa son a riƙe musu wuya, mu manya ne ba mu gaya masa ba. Ki bar shi ya ba da labarin sau nawa yake so, ko ya zana. In ya kwana biyu ki fara wasan bishiyar da shi da ƙannensa a ɗaki, yaro yakan samu ƙarfin zuciya in ya san akwai abin da zai yi. In an yi wata guda firgitar dare ba ta ragu ba, ko ya daina son fita, ki faɗa wa likita.

Sista Nas:
Alhamdu lillahi, yanzu na samu natsuwa. Ki riƙa duba ciwon safe da yamma, in ya ƙara ja, ya kumbura, ya fara ruwa ko zazzaɓi ya zo, ku koma a ranar kada ku jira ranar allura. Maganin shan a shanye shi duka. Ta uku ranar Asabar ce, kwana na 7. Tunda a cikin tsokar damtse ake masa, akwai ta huɗu tsakanin kwana na 14 da na 28, su za su ba ki ranar. Kwana goman karen kuma Talata mai zuwa yake cika, ki je ki gan shi da idonki, kada ki tsaya a "lafiyarsa ƙalau" ta waya.